Sunansa Ne Kaɗai Babu Ƙugiya

Ku yi min afuwa, jama'a, na san na ɓace muku kwana biyu. Ku da kuka turo saƙo kuna cewa "Auta, ina labarin Alƙalami? Ko an gama magana ne kika ɓoye mana?" duk na gani. Ban amsa ba ne don ban san da wane baki zan amsa ba. Yau dai na zauna. Wanda bai taɓa karanta ni ba ma ya matso kusa, ba sai ya koma baya neman farkon zance ba.

Ni ce auta a gidanmu. Yayyena duk sun yi aure sun watse garuruwa, Baba ya rasu bara waccan, ya rage daga ni sai Mama a gidan da ya yi mana yawa. Ba ma faɗa, kada ku ɗauka. Da ma faɗan muke yi, da an ji motsin mutane. "Ina kwana, Mama." "Lafiya lau." "Na tafi." "A dawo lafiya." In na dawo da yamma in same ta a falo, talabijin na yi babu murya, labule a sake, firiji na ta gurnani shi kaɗai a kicin. Mu ci abinci kowa na kallon farantinsa, ta shige ɗakinta, in shige nawa, kamar 'yan haya biyu masu ladabi. Wallahi kaɗaicin cikin gidanku ya fi na baƙon gari ciwo, don wanda kike kewar yana nan a ɗaki na kusa, kina jin tarinsa.

Aikina kuwa, a wata jaridar intanet nake, a teburin tattara labarai. Mu ba ma fita neman labari. Zama nake gaban kwamfuta tun safe, in duba abin da wasu jaridu suka wallafa, in taƙaita da kalmomina, in sa sunan jaridar da na wakilinta a layin farko, in liƙa mahaɗin da mai karatu zai latsa ya je can ya karanta cikakke. Edita kan tsaya a kaina da kofin shayinsa ya ce, "Malama, ke kam dole sai kin sa sunan mutane a goshi? Tura shi can ƙasa mana, wa zai tuhume ki?" In ce, "To, Oga." Yana juya baya in bar shi a goshin. Ba wai tsarkin zuciya ne ya yi min yawa ba, gadon Baba ne, kuma ya ƙi fita.

Baba mai gyaran rubutu ne a maɗaba'a har ya yi ritaya. Jan biro ba ya rabuwa da aljihun rigarsa. Abu biyu ne ba ya yafewa: a ɗauki maganar mutum a bar sunansa, da a rubuta Hausa babu ƙugiya. Kun san ƙugiya ai, 'yar lanƙwasar nan da ke kan ƙ da ɗ da ɓ. Yana da wani labari da ya ba mu har muka haddace, na katin bikin da aka kawo musu. Mai ɗab'i ya dubi wata kalma ya ga kamar ta yi tsirara, sai ya yi mata alheri ya ƙara mata ƙugiya, kati ya fito da "Allah ya ƙare ango da amarya." Duk sanda ya faɗa sai ya yi dariya har ya cire tabarau ya goge ido, Mama ta ce, "Kai dai ba ka gajiya." Ko sunan da ya raɗa min mai ƙugiya ne a tsakiya, ya ce da gangan ya yi don kada in manta. Shi ya sa ko "ina ƙofa" zan rubuta wa mai kawo saƙo, sai na danne harafin na jira ƙugiyar ta fito. Ƙawayena suna min tsiya wai ni malamar makaranta ce da aka ƙi ɗauka aiki.

To, sai ga Alƙalami.

Haka kowa ke kiransa, da sunan shafinsa, shafin da mabiyansa suka fi na jaridarmu yawa. A wani taron ƙara wa juna sani muka haɗu. Ya zo da farar riga mai dogon hannu, an yi mata guga har karin na neman yanka mutum, da agogo mai baƙar fata, da wayoyi biyu da yake ta juyawa a hannu. Ya karɓi lambata wai zai tambaye ni wani abu na aiki. Har yau bai yi tambayar ba.

Saƙonninsa iri biyu ne. Akwai gajeru: "Kin tashi lfy?" "Kinci abinci?" "Ina kofar ofis dinku." Ko sunana bai taɓa rubutawa da ƙugiyarsa ba. Sai kuma dogaye, masu zuwa jefi-jefi, waɗanda in na karanta sai in kife wayar a ƙirji in rufe ido. Maganar kewa, maganar yadda mutum ke zama baƙo a cikin danginsa, kowace ƙugiya a mazauninta, kowane waƙafi daidai. Na lura tun farko, kada ku ce ban lura ba. Amma sai na yi wa kaina fatawa: gajerun a waya yake yi cikin sauri, dogayen kuma sai ya natsu gaban kwamfuta. Mai son abu ai ba ya rasa hujja. Dogayen nan na so, jama'a, su na ba zuciyata.

Mama kuwa tun zuwansa na farko ta canza. Ranar da zai zo ita ke ɗaga labule da kanta, ta sa a canza rigunan kujeru, ta fito da kofunan gilashin da ba a taɓa ba tun rasuwar Baba. Ya iya gaisuwa, ya iya sunkuyar da kai, ya iya ba da labari har Mama ta yi dariya da sauti. Ranar farko da na jiyo dariyar daga kicin sai da na ajiye wuƙa na saurara, don na manta yadda take. Gwaggo kuma, ƙanwar Baba, ta mayar da wayata gidan rediyo. "Auta, me kike jira? Sa'o'inki na kai yara makaranta, ke kina kai kwamfuta gyara. Yaro ya ce manyansa za su zo, ki ce masa bismillah. Uwarki ta ga haske, kada ki kashe mata fitila."

Ana haka, ran nan da hantsi ina ofis ina taƙaita wani labari a kan tsadar siminti, sai wayata ta hau ƙara. Guruf ɗinmu na dangi ne. Gwaggo ta turo wani dogon rubutu daga shafin Alƙalami, ta jera masa 'yan fuskokin nan masu kuka. Yayata ta ce "Allah sarki." Matar yayana ta ce "Wallahi sai da na yi hawaye." Na buɗe ina murmushi, ina jin daɗi ana yabon nawa.

Layin farko ya kashe murmushin.

"Takalman babana suna nan a bakin ƙofa, sun juya wa ɗaki baya kamar mai shirin fita. Ba wanda ya ce kada a ɗauke su, ba kuma wanda ya ɗauke. In mun zo shara sai mu ɗaga, mu share ƙarƙashi, mu mayar da su yadda ya bar su."

Na san abin da ke layi na gaba tun ban kai ba, da wanda ke bin sa, don ni na rubuta su.

Ga abin da ko ku ban taɓa gaya muku ba. Ina da wani ɗan shafi da na buɗe bayan rasuwar Baba, na sa masa suna Jan Biro. Babu sunana, babu hotona, masu leƙa shi duka-duka ba za su cika mota ɗaya ba. Can nake zuba abin da ba a faɗa a gidanmu. Wannan na takalman sai da na yi makonni a kansa, in rubuta layi, in tashi in wanke fuska, in dawo.

Na gangara har ƙasa ina neman abin da nake yi wa mutane kullum a wurin aiki. Ko "an ciro", ko "daga wani shafi", ko 'yar alamar da za ta nuna hanya. Babu. Ya canza kan rubutun ya sa "Rashin Uba", ya yanke sakin layi na ƙarshe, sauran kuwa ko waƙafi bai taɓa ba. A can ƙasa ya rubuta: "Daga naku, Alkalami." Na bi rubutun daga sama har ƙasa, kowace ƙugiya tana nan inda na ajiye ta. Sunansa ne kaɗai babu.

Ƙarƙashi kuwa jama'a ne maƙil. "Allah ya jiƙan Baba." "Kai, bawan Allahn nan ya iya taɓa zuciya." Shi ma babansa ya rasu, shi ya sa kowa ya ɗauka nasa yake nufi, shi kuma yana ta bin su da "Amin, na gode." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Abin da ya fi ƙona min rai ma, takalman nan suna bakin ƙofarmu har yau. Sau nawa ya tuɓe nasa kusa da su ya shige falonmu, bai taɓa dubansu ba.

Na koma kan dogayen saƙonninsa, na riƙa ɗaukar jimla ina sakawa a wurin bincike, yadda muke yi a ofis in muna zargin labari. Wannan na wata malama ce. Wancan na wani ɗalibi ne. Wancan kuma an ma buga shi a jarida tun ina makaranta. Ban kai ƙarshe ba na daina. Ashe wanda na so ba mutum ɗaya ba ne, taron mutane ne da ba su ma san ina duniya ba. Na shiga banɗakin ofis na kunna famfo don kada a jiyo ni.

Da na koma gida na tarar da Mama a falo, labule a ɗage, idanunta sun yi ja, wayarta a cinya.

"Auta, zo. Gwaggonki ta karanta min ta waya amma layin na ta yankewa. Karanta min da kyau, rubutun ya yi min ƙanana."

Ko mayafi ban cire ba, jaka na rataye a kafaɗata. Na ɗosana a hannun kujera na karanta mata maganata da sunan wani. Muryata ta yi rawa, ta ɗauka tausayi ne.

"Kin ji ko?" ta ce, tana share ido da gefen ɗankwalinta. "Ashe ba mu kaɗai ba ne. Ashe akwai gidan da su ma suka kasa ɗauke takalmi. Yaron nan kamar ya buɗe cikina ya duba. Wanda ya san wannan zafin ba zai wulaƙanta ki ba, Auta. Ni dai na ba shi."

Na ce, "Mama..."

"Na'am?"

"Ba komai. Bari in ɗora ruwan zafi."

Ina tsaye gaban murhu na tuna wata rana, lokacin rubutun na sabo. Na same ta tana ninke wanki, na ce, "Mama, na yi wani rubutu a kan Baba, in karanta miki?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ki yi masa addu'a, ta fi masa rubutu amfani." Na ja ƙafata na koma ɗaki. Yau ga shi rubutun ya zagaya ta hannun baƙo ya dawo gidan da aka haife shi, an tarbe shi da hawaye. Na ji haushi, na ji kishi, na kuma ji daɗin ta saurare shi, duk lokaci ɗaya. Ban san mutum na iya kishin kansa ba sai ranar.

Washegari da aka tashi aiki na same shi a ƙofar ofis cikin motarsa. Na shiga gaba. Sanyi da ƙamshin turarensa suka buge ni, wayoyinsa biyu na gaban mota suna ta walƙiya.

"Ranki ya daɗe, yau fuskar ba annuri. Ogan ne?"

"Wa ya rubuta Rashin Uba?"

Ya yi 'yar dariya. "Kin gani ke nan. Wallahi ya tafi, ya zaga ko'ina. Ban taɓa sa abin da ya tafi haka ba."

"Tambayarka na yi. Wa ya rubuta?"

Ya rage sautin rediyo. "To... tsintowa na yi, na ɗan gyara."

"Me ka gyara?"

"Kan rubutun. Ƙarshen ma na cire, ya cika shiga sirrin gida."

"A ina ka tsinta?"

"Wani ɗan shafi ne, Jan wani abu. Ba mai shiga, wallahi kamar kango. Ni na fito da shi duniya ta gani. Mai shi in ya sani ma godiya zai yi min."

"Jan Biro."

"Yauwa, shi." Sai ya juyo. "Ke ma kina shiga ne?"

"Takalman suna bakin ƙofarmu. Baƙaƙe ne, na hagun ya cinye ta dunduniya. Zuwanka na ƙarshe kusa da su ka ajiye naka."

Na zaci haƙuri zai ba ni, sai kunyar ta juye masa ta zama faɗa.

"To ai abin ya zo da sauƙi tunda naki ne. Naki nawa ne, nawa naki ne, ba aure za mu yi ba? Kuma tsakani da Allah, ke ma ba da shi kike cin abinci ba? Kin taɓa fita rana neman labari? Wasu su sha wahala, ke ki zauna a sanyi kina juya jimla."

Maganar ta same ni, ba zan ɓoye muku ba. Na sani sarai, cikin masu karanta abin da nake taƙaitawa 'yan kaɗan ne ke latsa mahaɗin su je gidan mai labari. Na sha tambayar kaina ko sunan da nake sawa a goshi yana isar wanda ya sha ranar. Amma na haɗiye na ce masa:

"Ni in na ɗebo ruwa nakan ce ga rijiyar, ga mai ita, ga hanya. Kai cewa ka yi kai ka haƙa. Mutane na yi wa babanka addu'a da hawayena, kana cewa amin."

"Addu'a ai ba ta ɓata. Duk iyaye ne."

"Ka sa sunan mai shi, ko ka sauke."

"In sauke yanzu? Kin san me za a ce? Masu jiran su ga faɗuwata sun fi masoyana yawa. Shafin nan shi ne sana'ata." Sai ya sassauta murya. "Mama fa? Ɗazu ta kira ni tana sa min albarka har muryarta na rawa. Ke za ki je ki ce mata ƙarya ne?"

Nan ya kama ni, ya kuma san ya kama ni. Na buɗe ƙofa na fita na tari motar haya, yana kiran sunana ban waiga ba.

Kwanakin da suka biyo ban ji daɗinsu ba. Shi bai kira ba, ni ban kira ba. A ofis in ci abincina a kan tebur, waya a kife, in ɗaga ta in ga babu komai in sake kifewa. Har gajerun nan na "Kinci abinci?" da nake rainawa sai na ji ina nemansu, ni 'yasu. Na kira yayata na gaya mata, don in samu wanda zan raba kayan da shi. Ta bari na gama ta ce, "A kan rubutu? Auta, ki rufa wa kanki asiri. Rubutu gona ce ko gida? Mata na haƙuri da abin da ya fi wannan." Ɗanta ya fara kuka, ta ce za ta kira ni, ba ta kira ba. Gwaggo kuma ta sanar a guruf cewa manyan Alƙalami na tafe ƙarshen mako. Mama ta sayo sabon labule ruwan zuma, ta sa an wanke kafet, tana aiki tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Duk sanda na buɗe baki zan yi magana sai in ji waƙar in rufe.

Shekaranjiya ina cikin motar haya a cunkoso, saƙonsa ya shigo. Dogo ne. Na ce a raina, to yau kuma wa aka yi wa sata? Ga shi nan yadda ya zo, ban taɓa masa komai ba:

"Ban iya rubutu ba tun ina makaranta. Ina gane mai kyau in na gani amma in na zauna zanyi nawa sai kaina ya kulle. Da naga yadda kike rubutu naji tsoro kar ki raina ni shi yasa nake turo na mutane. Babana da ya rasu ko layi daya na kasa yi masa. Da na karanta naki nayi kuka a mota sai naji kamar nawa ne. Nasan ba nawa bane. Dan Allah kada ki ki ni."

Babu ƙugiya ko ɗaya. "Kada ki ƙi ni" ta koma "kada ki ki ni" kamar mai in'ina. Da Baba ya gani da jan bironsa ya ƙare a kai. Na ɗauki jimlolin na saka a wurin bincike, Allah ya gani sai da na saka, babu su a ko'ina a duniya. Wannan ne dogon saƙo na farko da ya rubuta min da hannunsa, kuma shi ya fi duk waɗancan sa ni kuka, har matar da ke kusa da ni ta miƙo min hankici. Ban amsa ba. Ban san ko ina son wannan mutumin ba, don shi ma ban taɓa tsayawa na dube shi ba.

Jiya da la'asar na dawo na sami Mama ta gama rataya sabon labulen, tana zaune tana kallonsa, ta sa doguwar rigarta shuɗiya da Baba ke so. Ta ce, "Auta, sake karanta min na takalman nan. Tun safe yake raina."

Na ajiye jaka, na tsaya a tsakiyar falo. Yatsana ya nufi shafinsa, sai ya wuce, na buɗe Jan Biro. Na karanta a hankali. Takalman, tabaran da ke kan taga, kujerar da kowa ke kewaye ta. Na zo inda nasa ya tsaya, Mama har ta ja numfashi ta fara "Allah sarki," ni kuma ban tsaya ba.

"Mama tana tsammanin ban sani ba. Kullum da safe kofi biyu take saukewa, nata da mai tsagaggen mariƙi, ta zuba shayi a duka, sannan ta tuna. Ba ta zubarwa. Takan laɓe bayan ƙofar kicin ta shanye na Baba a tsaye, babu sukari yadda yake sha, ita da ba ta iya shan shayi babu sukari. Ni kuma ina lungu ina jira ta gama, don kada ta san na gani. Mama, ina gani. Ni ma ban warke ba."

Mama ta zuba min ido, hannunta ya tsaya a kan ƙirjinta.

"Wa ya gaya masa zancen kofin?"

"Ba wanda ya gaya masa, Mama. Shi ya sa babu shi a nasa."

Ta daɗe tana kallona. Na ga abin yana sauka a fuskarta kaɗan-kaɗan, ta dubi wayar, ta dubi sabon labulenta, ta dubi ƙofa inda takalman suke. Tsoro ya kama ni, na ce shi ke nan, na kashe fitilar da Gwaggo ta ce kada in kashe.

"Wannan ne kika ce za ki karanta min, ranar da nake ninki?"

"Shi ne."

"Tun yaushe kike tsayawa a lungun?"

"Tun da masu ta'aziyya suka watse, Mama."

Ta rufe bakinta da tafin hannu. Ba irin kukan ran nan ta yi ba, mai sa albarka. Wannan babu sauti, kafaɗunta ne kawai ke rawa. Ni ma na kasa matsawa, mun daɗe ba mu san yadda ake taɓa juna ba.

Sai wayar ta yi ƙara a hannuna. Shi ne.

"Ina kofar gida. Na goge sunana. Me zan sa a wurin?"

Mama ta share fuska. "Shi ne?"

Na gyaɗa kai, na karanta mata. Na ce, "Zan ce masa ya sa Jan Biro."

"Jan biro na babanki ne, ya tafi da abinsa," ta ce, muryarta a dushe. "Rubuta masa sunan da ya raɗa miki. Ki sa masa ƙugiyarsa."

Na rubuta. Na danne harafin tsakiya na jira har ƙugiyar ta fito. Na ƙara masa layi ɗaya a ƙasa: "Wannan ka kwafa yadda yake." Na tura.

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, irin ƙwanƙwasar wanda bai tabbata za a buɗe masa ba. Na dubi Mama. Ba ta ce buɗe ba, ba ta ce kada ki buɗe ba. Matsawa kawai ta yi ta bar min wuri kusa da ita a kan kujera, abin da rabonta da yi tun Baba na da rai. Aka sake ƙwanƙwasawa. Ni kuma ina tsaye a tsakiyar falo da waya a hannu, ita a damana, ƙofar a haguna.